Ƙarancin Tutiya da Gubarta a Jikin Karnuka: Nazari a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin mahalarta ga cuta biyu masu tushe ɗaya, watau tutiya, wadda masana kimiyya ke kira zinki. Ɗaya tana zuwa ne in ta yi ƙaranci, ɗayar kuma in ta yi yawa, kuma dukkansu akan ɗauke su a matsayin wata cuta dabam.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman shinkafa da alkama da tumatir ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Kadawa. Karnukan da manoma da mafarauta ke ajiyewa a wannan yanki, abincinsu bai wuce ragowar tuwo da ƙanzo da dusa ba. Hatsi yana ɗauke da tutiya, amma yana kuma ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda ya fi taruwa a dusa, musamman ta shinkafa. Shi fayitet yakan ɗaure tutiya a cikin hanji, ya hana ta shiga jini, sai ta fita tare da kashi. Saboda haka kare yana iya cika cikinsa kullum alhali jikinsa yana cikin rashi. Ba kare kaɗai ba ne: a 1955 Tucker da Salmon suka nuna haka a jikin aladu, sa'an nan a 1961 Ananda Prasad ya ba da bayanin samari a Iran waɗanda girmansu ya tsaya saboda dogaro da gurasar alkama.

Alamun kuwa a fata suke fara bayyana. Gashi yakan zube a kewayen ido da baki da kunne, ɓawo mai kauri ya fito, tafin ƙafa ya tsattsage, miki ya ƙi warkewa, kwikwiyo kuma ya tsumbure. Mai kare sai ya ce ƙazuwa ce, ya dinga shafa baƙin mai, wanda ba ya ƙara komai sai ƙuna. Maganin yana cikin akushi: a rage dusa, a riƙa haɗawa da hanta ko kayan ciki ko kifi, domin tutiyar da ke cikin nama ta fi saurin shiga jiki.

Guba kuma ta hanya biyu take zuwa, kuma wajibi ne a bambanta su. Ta farko, kare ya haɗiye ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, alal misali noti ko ƙusar kwano ko ɓallin langa-langa ko kwanson batir. Ruwan tsamin ciki yakan narkar da tutiyar sannu a hankali, ta shiga jini ta farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Sai a ga amai, da fitsari ja, da dasashi ya yi fari ko rawaya. Waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin kaska ƙwarai, abin da ke raba gardama shi ne hoton ciki. In an cire ƙarfen da wuri, kare yakan farfaɗo.

Hanya ta biyu, a ganina, ta fi shafar masu noman rani, ita ce maganin ɓera baƙi mai suna zinki fosfaid, wanda akan cuɗa da hatsi a ajiye a bakin gona ko rumbu. A nan ba tutiyar ce ke kisa ba. In maganin ya gamu da tsamin ciki, yakan saki wata iska mai guba, fosfin, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma karen da ya ƙoshi ya fi shiga haɗari domin cikinsa ya fi tsami. Cikin sa'o'i kaɗan zai soma amai da dalala da gudu ba kan gado da farfaɗiya, har jama'a su zaci haukan kare ne su fito da sanduna. Kada a ba shi abinci ko nono. A fitar da shi fili inda iska ke kaɗawa, a nesanta yara, domin aman nasa yana ci gaba da fitar da fosfin, kuma shaƙarta tana iya kwantar da mutum. Sa'an nan a nemi malamin dabbobi tare da ƙunshin maganin a hannu.