Yini Guda A Bakin Tafkin Bosumtwi

Bahaushe ya san Kumasi tun zamanin fatake, lokacin da ayari kan tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro. Amma cikin masu zuwa birnin a yau don ciniki ko ziyarar dangi a Zango, kaɗan ne suka taɓa jin cewa kilomita 30 kacal kudu maso gabas da shi akwai wani tafki mai suna Bosumtwi, wanda Turawa ke barowa ƙasashensu domin su yini a bakinsa.

Galibin baƙin nan samari ne da 'yan mata masu yawon ganin duniya da ɗan guzuri kaɗan. Kayan kowannensu jaka ɗaya ce tak, goye a baya kamar jariri. Ba su neman babban otal, ba su ɗaukar shatar mota. Da sassafe za ka gan su a tasha suna cusa kai cikin ƙananan motocin haya da mutanen Gana ke kira tro-tro, su zauna tare da 'yan kasuwa da kwandunansu har garin Kuntanase. Daga nan sai a canja mota a hau tudu, sa'an nan hanya ta yi ta gangarawa tana murɗewa cikin gonakin koko da ayaba da rogo, har ta ƙare a ƙauyen Abono, a bakin ruwa.

Abin da kan fara kama idon baƙo shi ne siffar wurin. Tafkin zagayayye ne kamar akushi, faɗinsa wajen kilomita 8, duwatsu masu duhun itatuwa sun kewaye shi ta kowane gefe, ƙauyuka fiye da 20 na zaune a gindinsu. Shi ne kaɗai tafki na asali a ƙasar Gana, domin babban tafkin Volta aikin ɗan Adam ne, ya samu ne bayan gina madatsar Akosombo da aka kammala a 1965. Masana sun tabbatar cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama shekaru fiye da miliyan ɗaya da suka wuce, ya haƙa ramin da faɗinsa ya kai kilomita 10 da rabi, ruwan sama ya taru a ciki. Ƙarfin faɗuwar ya sa narkakken dutse ya yi tsartuwa har ƙasar Kwaddebuwa, inda aka tsinci ɓarɓashinsa.

Su kuwa mutanen Asante, watau waɗanda fatakenmu ke kira Tonawa, nasu labarin dabam ne. Sun ce wani maharbi mai suna Akora Bompe ne ya harbi gada, ya bi sawunta har bakin wani ɗan kududdufi, ta faɗa ciki ta ɓace. Daga nan sunan ya fito, ma'anarsa abin bauta na gada. A al'adarsu ta gargajiya, nan ne rayukan matattu ke zuwa yin ban kwana kafin su wuce.

Wannan imani ne ya haifar da abin da ya fi kome ba baƙo mamaki. An hana shiga ruwan da kwalekwale, an kuma hana ƙarfe ya taɓa shi. Saboda haka masuncin Bosumtwi kan hau wani dogon falankin itace mara nauyi da suke kira padua, ya zauna a kai kamar mahayin jaki, ƙafafunsa cikin ruwa, yana tuƙi da tafin hannu ko da sakaina. A haka yake zuwa tsakiyar tafkin da zurfinsa ya kusa mita 80, ya jefa birgi, ya jawo, ya zuba kifi a kwandon da ke gabansa, ba tare da ya kife ba. Kyaftin Rattray, Baturen nan da ya buga littafin tatsuniyoyin Hausa a 1913, ya bayyana irin wannan su a littafinsa kan Asante na 1923, kuma wanda ya je yau zai tarar da falankin nan yana aiki. Sai dai dokar ta yi sassauci, don akwai jirgi mai inji da ke zagayawa da baƙi idan sun biya.

Yinin baƙo ba shi da wani tsari. Zai biya ɗan kuɗin shiga da mutanen ƙauye ke karɓa, ya nemi inuwa ya ajiye jakarsa. Wani ya yi iyo, ruwan da ɗumi, ba igiya mai ja. Wani ya bi ƙaramar hanyar da ta haɗa ƙauyukan, yara na binsa suna kiran oburoni, watau Bature. In rana ta take sai a sayi soyayyar karfasa da dokunu da barkono wajen matan da ke suya a bakin gaɓa. Mai son shiru kada ya je ranar hutun gwamnati, domin a ranar samarin Kumasi kan cika wurin da kiɗa har dare.

To, karfasar nan da baƙo ke ci yana lumshe ido ita ce damuwar masu ƙauye. Duk wanda ya duba farantinsa zai ga kifin bai fi tsawon yatsun hannu ba. Jama'a sun ƙaru, masu su sun yi yawa, ana amfani da taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin 'ya'yan kifi su girma. Wanda su ya gaza ciyar da iyalinsa sai ya ɗauki adda ya hau dutse ya sare daji ya yi gona, damina ta zo ta wanke ƙasar da maganin feshin koko zuwa cikin ruwa. Ga shi kuwa tafkin ba shi da mafita, ba wani kogi da ke fita daga cikinsa, sai abin da rana ta shanye. Duk abin da ya shiga, sabulun wanki ne ko ledar baƙi, ya zauna ke nan. A 2016 hukumar UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu, amma takardar hukuma ba ta cika wa masunci kwando, kuma kuɗin shigar da baƙi ke biya bai kai ya maye gurbin kifin ba.

Akwai kuma wani labari a ƙarƙashin ruwan wanda ya shafe mu kai tsaye. A wasu gaɓoɓin za a ga kututturan matattun itatuwa sun leƙo daga cikin tafkin, shaidar cewa a da wurin tudu ne. Da yake laka na kwanciya a ƙasan tafkin shekara bisa shekara ba mai dama ta, masana kan haƙo ta su karanta tarihin damina, kuma a 2004 an yi babban aikin haƙa a tsakiyarsa. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa Afirka ta Yamma ta sha fama da fari mai ɗaukar ɗaruruwan shekaru, na baya-bayan nan tun daga wajen 1400 har zuwa 1750. Itatuwan nan a lokacin suka tsiro, sa'ad da ruwa ya ja baya ƙwarai. Dattawanmu da suka ga farin 1973, wanda ya ƙare dabbobi daga Agadas har Barno, suna ɗaukarsa mafi muni, alhali lakar Bosumtwi na cewa an yi wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Mai niyyar zuwa ya tashi daga Kumasi da hantsi, ya riƙe ƙananan kuɗin sidi, don canji na wuya a ƙauye. Akwai ƙananan masaukai a bakin ruwa ga mai son kwana. Wanda zai koma kuwa ya kama hanya tun la'asar, domin motoci kan yi ƙaranci a Abono da zarar rana ta faɗa bayan duwatsu, hawan tudun nan da ƙafa kuma da jaka a baya ba ƙaramin aiki ba ne.