Abin Da Ya Sa Kewayen Rana Ya Fi Fuskarta Zafi: Tambayar Da Ta Gagari Masana

A safiyar Laraba, 29 ga Maris, 2006, hasken rana ya dushe a Kasuwar Bodija da unguwar Sabo a Ibadan sakamakon husufi. A garin Saki da ke arewacin jihar Oyo, da Gusau da Maraɗi, wata ya rufe rana ɗungurungum, har aka ga wani farin haske ya yi wa baƙin faifan rawani. Wannan haske shi ne iskar da ke kewaye da rana, wadda masana ke kira korona, kuma tana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan tambayoyin ilimin taurari.

Zafin fuskar rana ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyos, amma na korona ya haura digiri miliyan 1. Duk wanda ya taɓa jin ɗumi a bakin murhu ya san zafi raguwa yake yi idan an ja da baya. A nan kuwa ƙaruwa yake yi. Tun a shekarun 1940 aka gano haka, kuma har yau ba a daddale dalilinsa ba. Wasu masana na ganin igiyoyin maganaɗisu ne ke ɗauko ƙarfi daga cikin rana su sauke shi a sama. Wasu na danganta shi da ƙananan fashe-fashe marasa adadi. Domin neman amsa ne hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Parker a 2018, wanda a Disambar 2024 ya matsa kusa da rana har tazarar kilomita miliyan 6.1.

Lamarin ya shafi talaka, domin daga korona ne guguwar rana ke tasowa, wadda kan dagula taurarin ɗan'adam da layukan lantarki. A Maris na 1989 irin wannan guguwa ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na tsawon sa'o'i 9. Fahimtar korona za ta inganta hasashen irin wannan haɗari.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai: duk taurari da duniyoyin da ake gani ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa ba. Sauran ana ganin tasirinsa ne kawai.

Irin waɗannan giɓi ne ke jan matasa zuwa fannin, kuma Ibadan na da tarihi a cikinsa. Marigayi Farfesa Samuel Okoye ya karanta fiziks a jami'ar da ke maƙwabtaka da Bodija. Daga bisani a Kambirij, shi da Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙaramin tushen siginar rediyo a cikin ɓurɓushin wani tauraro da ya fashe. A 1968 aka tabbatar cewa ƙwayar tauraron ce, tana juyawa sau 30 a kowace daƙiƙa.