Wa Zai Auna Iskar Fagge Da Sabon Gari?

Mun iya auna hatsi da mudu, yadi kuma da awo. Amma iskar da mu da 'ya'yanmu muke shaƙa dare da rana, ba mu saba auna ta ba. Ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutum wajen miliyan 7 kowace shekara.

Mu da muke zaune a Fagge da Sabon Gari mun san inda tamu take ɓaci. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yakan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya lulluɓe Kano. A shekarar 2013 aka hana acaɓa a birnin, sai 'yan Adaidaita Sahu suka cika tituna. Ga manyan motoci a tashar New Road, ga janareto a Kantin Kwari, ga bolar da ake ƙonawa. A cikin gida kuwa ga hayaƙin itace da gawayi. A shekarar 2018 an fara kai wa shagunan kasuwar Sabon Gari wutar hasken rana domin a rage janareto, amma sauran hayaƙin bai tafi ba.

Abin da ya fi cuta shi ne wanda ido ba ya gani. Masana suna ce da shi PM2.5, watau ƙwayoyin ƙura da hayaƙi waɗanda gashin kai ya fi su kauri wajen sau 30. Hanci ba ya iya tace su. Sukan wuce har cikin huhu, waɗansu ma su shiga jini, su tsananta asma da ciwon huhu da ciwon zuciya. Yara sun fi shan wahala, gama huhunsu bai gama girma ba. A shekarar 2021 hukumar nan ta ce bai kamata ƙwayoyin su wuce maikirogiram 15 cikin mita ɗaya mai murabba'in tsawo, faɗi da zurfi ba, in an bi matsakaicin yini guda.

Dā sai da babbar na'ura mai tsada, wadda aka kafa wuri ɗaya, ake auna wannan. Yanzu akwai 'yar ƙarama wadda za a rataya a wuya ko a sa cikin jaka. 'Yar fanka tana zuƙo iska, haske yana ratsa ta, na'urar ta ƙirga ƙwayoyin, ta aika da lissafin zuwa wayar hannu tare da wurin da lokacin. Babbar na'ura tana faɗin halin unguwa. Ƙaramar tana faɗin abin da mutum ɗaya ya shaƙa tun daga fitarsa har komowarsa.

An riga an gwada a waɗansu birane. A shekarar 2015, a unguwar talakawa ta Mukuru a Nairobi, mazauna wurin suka yi ta yawo da na'urorin cikin harkokinsu na kullum, sa'an nan suka zauna da masana aka duba sakamakon tare. A Kampala, aikin AirQo na Jami'ar Makerere ya ɗaura su a baburan haya. A shekarar 2019 yara fiye da 250 daga makarantun firamare 5 na Landan suka goya jakunkuna masu na'ura. Aka ga waɗanda suka bi ƙananan hanyoyi zuwa makaranta sun shaƙi iska mai tsabta fiye da masu bin babban titi. Waɗansu iyaye suka sake wa 'ya'yansu hanya.

To, in irin wannan aiki ya zo unguwarmu, a hannun wa za a sa na'urar? In an ba masu ilimi da manyan wayoyi kaɗai, za a auna iskar ofis da ta cikin mota, a ce ita ce iskar Kano. Waɗanda suka fi shan hayaƙi su ne mai tuya ƙosai a bakin titi, da ɗan dako, da ɗan garuwa, da uwar da take hura wuta da goyo a baya. Gurgu mai tafiya a keke yana daidai da bututun hayaƙin mota, haka kuma ƙaramin yaro. Matar da ba ta fita kasuwa ma tana da labari, gama ɗakin girkinta ba ya cikin lissafin kowa. In ba a haɗa da waɗannan ba, awon bai cika ba.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata mu yi kafin mu yarda. Za a yi bayani da Hausa, da Ibo, da Yarbanci, yadda wanda bai yi makaranta ba zai gane? Na'urar tana rubuta duk inda mutum ya je: wa zai ga wannan? Za a biya wanda ya bar sana'arsa ya zo taro? An gwada na'urar da babba? Gama ƙananan sukan yi kuskure, musamman da damina sa'ad da iska take da laima. Sa'an nan, za a komo mana da sakamakon, ko za a tafi da shi?

Tambaya ta ƙarshe ta fi nauyi. Da lissafi a hannu, ƙungiyar 'yan kasuwa, ko zumuntar mata, ko iyayen yara, za su iya zuwa wurin ƙaramar hukumar Fagge ko hukumar NESREA su ce ga titi kaza, ga lokaci kaza, ga abin da aka samu. Irin wannan magana tana da wuyar turewa.

Kafin ranar ta zo, ya ku iyaye, mu yi abin da yake hannunmu. A yi girki inda iska take ratsawa, a sauke goyo nesa da murhu. Kada a ta da janareto cikin ɗaki ko kusa da taga. A daina ƙona leda a tsakar gida. A bi da yara ta lungu maimakon babban titi. Rigakafi ya fi magani.