Littafin Nasaba a Gaɓar Kogin Logon

Kashegarin Babbar Salla, bayan an sallame La'asar, ƙanshin soyayyen naman layya bai gama barin tsakar gida ba, sai danginmu na Yagwa su hallara a zauren yayan mahaifina, waɗansu daga Marwa, waɗansu daga Garwa, waɗansu kuwa sun ƙetaro kogin Logon daga Bongor ta ƙasar Cadi, a shimfiɗa tabarmi, a fito da wani littafi mai baƙin bango daga cikin gafaka, sa'an nan a shiga aikin da muka ɗora wa kanmu, wato rubuta wanda ya haifi wane. Taron ba shi da ofis, ba shi da hatimi. Ma'aji ne kawai mai karɓar kuɗin zumunci, da magatakarda mai alƙalami, da tsofaffi waɗanda su ne dalilin zaman.

Ilmin nasaba ba baƙo ba ne a wurin malamanmu, domin da shi ake sada zumunta, da shi ake sanin muharramai kafin a ɗaura aure, kuma in babu shi alƙali ba ya iya raba gado bisa ƙa'idar fara'ili. Tun wajen 1650 wani malami ya rubuta asalin Wangarawan Kano da Larabci, ya jero zuriyar Shaihu Abdurrahman Zaite. A nan arewacin Kamaru kuwa, wanda ya fi kowa wahala a wannan fage shi ne marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, wanda ya bi fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, da rikoda, yana ɗaukar bakin dattawa da Fillanci yana juyawa zuwa Faransanci, har ya fitar da tarihin Marwa da Pette a 1976, da na Garwa a 1980 tare da Modibbo Bassoro, kafin ajali ya riske shi a Maiduguri a 2004. Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya fi samu a bakin fadawa salsalar masu sarauta ce, alhali kakanninmu fatake ne da mahauta da dukawa da almajirai, waɗanda suka biyo hanyar goro da hauren giwa bayan kafuwar daular Adamawa, ko suka ɗauki sanda da nufin Makka ta hanyar Cadi da Sudan, guzuri ya ƙare, aure ya riƙe su, suka zauna. Irin waɗannan babu marokin da ke riƙe da kirarinsu. In jikokinsu ba su rubuta su ba, shi ke nan sun tafi.

Babbar wahalar da muka tarar, abin mamaki, daga ɗabi'armu mafi kyau ta fito, wato alkunya. Matar da ta yi shekara hamsin ba ta ambaci sunan mijinta ba, ba ta kira ɗanta na fari da sunan yanka ba, ba za ta saki harshe yau don ta ga takarda ba. Na tuna ranar da magatakarda ya durƙusa gaban ƙanwar kakanmu ya ce, "Gwaggo, don Allah, mene ne sunan Maigoro na yanka?" Ta ja mayafi ta rufe baki, ta daɗe tana kallon ƙasa, sa'an nan ta ce, "Mai sunan Annabin da kifi ya haɗiye." Da haka muka san Yunusa ne mutumin da duk gidan ke kira Maigoro shekara da shekaru. Laƙabi ya binne sunaye da yawa, musamman na mata, waɗanda aka sani da Inna ko Uwar Wane har suka koma ga Mahaliccinsu.

A kan matan nan ne nake da magana mai nauyi. Yagwa ƙasar Masa ce, da maƙwabtansu Musgun da Tupuri, kuma fataken da ya iso shi kaɗai da jaki ba daga Kano ya auro matarsa ba. Mutanen Masa suna riƙe jerin kakanninsu da ka, har ma da lissafin shanun da aka bayar a auren iyayensu mata, saboda haka sau da yawa a ƙauyen kawunnanmu muke samo abin da ya ɓace mana a gari. Duk da haka na ga wanda ya so a tsallake sunan kakarsa na asali, a bar wanda aka raɗa mata bayan ta musulunta, kamar yadda na ga mai son a ja salsalarsa har Gabas ba tare da hujja ba. Dattawanmu suka ƙi, suka ce shaida amana ce: a rubuta sunayenta biyu, da ƙauyensu, da sunan wanda ya ba da labarin, inda kuma riwaya ta saɓa a ajiye duka biyun gefe da gefe.

Takardun hukuma suna taimakawa kaɗan, ko da yake mutum guda yakan zama Ousmanou a takardar haihuwarsa ta Kamaru, ɗan'uwansa na Maiduguri kuma ya rubuta shi Usman, shi ya sa muke fara sa kowane suna da ajami kafin boko.

Ambaliyar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa a Yagwa, ta jiƙa gefen littafin har tawadar shafi uku ta narke, aka yi sa'a Gwaggo tana raye, aka sake zama da ita kwana biyu. Tun daga nan aka ɗauki hoton kowane shafi da waya, aka aika kwafe Garwa da Bongor, aka kuma ɗora wa kowane saurayi da budurwa ziyarar tsoho guda kafin Salla ta kewayo. Ni an ba ni wani kawun mahaifiyata da ke kusa da gonakin shinkafar kamfanin SEMRY, wanda aka ce ya san sunan mutumin da ya ƙetarar da Maigoro a kwalekwale.