Me Ya Sa Ruwan Randa Yake Yin Sanyi?

A tsakiyar bazara, lokacin da ruwan jarka da na bokitin ƙarfe kan yi ɗumi, ruwan randa yana nan da sanyinsa. Dalilin haka yana tattare da wata ɗabi'a ta ruwa da sauran abubuwa masu gudana irinsa.

Ruwa ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya iya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Zafin ruwa ya danganta da ƙarfin wannan motsi. Sai dai ƙwayoyin ba su da sauri ɗaya. Waɗanda suka fi sauri, idan suka iso saman ruwan, sukan kuɓuce su shige iska a matsayin tururi, ko da ruwan bai kai digiri 100 da yake tafasa ba. Da zarar masu saurin sun fice, sai a bar marasa sauri, wato ruwan ya rage zafi ke nan. Zafin da ke tafiya da tururin ba kaɗan ba ne: mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata don ɗaga ta daga digiri 0 zuwa 100.

Jikin randa kuwa cike yake da ƙananan kafofi na yumɓu. Ta nan ruwa ke naso zuwa waje, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin na ciki. Roba da ƙarfe ba su da irin waɗannan kafofi. Busasshiyar iska ta fi saurin ɗaukar tururi, shi ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da rani a kan damina. Ta wannan hanya ce kuma gumi ke sanyaya jikin ɗan Adam.

Da wannan ilmi ne marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da gauta da sukan lalace cikin 'yan kwanaki sai su yi makonni, ba tare da wutar lantarki ba. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Malamai na iya gwada wannan a aji: a ajiye ma'aunin zafi biyu a inuwa, a naɗe bakin ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, a yi masu fifita, sannan ɗalibai su kwatanta.

Sai dai a lura, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Wajibi ne a riƙa wanke randa, a rufe bakinta, a kuma keɓe mata moɗa mai tsabta.