Tafiyar Kwana Biyu da Keke a Hanyar Burji

Da yawa daga cikinmu mun iya tuƙa keke tun muna firamare, amma zagaya filin ƙwallo daban ne da tashi da asubar Asabar a nufi ƙauyukan Filato, a kwana can, a dawo Lahadi da yamma. Ga waɗanda suke da niyya, bari mu bayyana abin da hanyar take bukata.

Abu na fari, kada mu auna nisa da lissafin kwalta. A hanyar burji, inda tsakuwa da gargada suke, mai keken Raleigh ko Phoenix da kaya a kariya da ƙyar yake wuce kilomita 10 cikin awa guda. Ga kuma hawa da gangara, gama Jos kanta tana bisa tudu na wajen mita 1,200, kuma kekunan nan ba su da giya. In hawa ya yi tsanani, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. Gangara ce ta fi haɗari. Wanda ya damƙe burkin gaba a kan tsakuwa, tayar za ta zame, ya sha ƙasa. A fi dogara ga na baya, ana matsawa ana saki. A kuma rage iskar taya kaɗan domin ta kama ƙasa, amma in ta yi laushi ainun, dutse zai huda ta ciki.

Kowane keke ya tafi da famfo, da faci, da sholisho, da sifana. Mai faci ba ya zama a kowane ƙauye, ga shi kuwa gonaki da gidaje a kewaye suke da shingen ƙerana mai ƙaya. Kada a karya reshenta da wasa, ruwanta fari yakan ƙone ido.

Maganar ruwa ita ce ta fi damunmu. Bayan awa huɗu cikin rana da ƙura, sai ga tafki shuɗi a gefen hanya, a wajen Bukuru ko Barikin Ladi, kowa ya ji marmarin wanka. Yawancin waɗannan ba tafkunan Allah ba ne, ramuka ne da kamfanonin haƙar kuza suka bari, aikin da Turawa suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20. Bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansu laka ce, ruwan ƙasa kuma da sanyi ƙwarai. Sun ci mutane da dabbobi, har da waɗanda suka iya iyo. Ba a shiga, ko da ƙafa ɗaya. Ruwan sha kuwa a roƙa a rijiyar gari, a tafasa kafin a zuba a gora.

Da ƙarfe 4 na yamma ya kamata a ce an isa masauki, domin da an wuce 6 duhu ya soma. A dā akan kafa tanti a gindin dutse, a hura wuta, a kwana. Tun rikicin Jos na 2001 da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka, wannan ya zama ganganci. Yanzu malamin da zai jagoranci tafiyar yakan tambayi lafiyar hanya tun cikin mako, ya aika wa mai unguwa da faston wurin, a ba mu harabar majami'a ko ajin firamare. In suka ce kada a zo, an fasa ke nan. Baƙin fuska da suka sauka a daji da dare ba tare da sanin kowa ba suna iya tayar da hankalin gari duka.

A watan Disamba da Janairu sanyin dare yakan shiga har ƙashi, saboda haka bargo da rigar sanyi sun fi tukunya ta biyu amfani. Guzuri mara nauyi ya isa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, ganyen shayi. Sau da yawa masu masauki sukan kawo gwaten acca da safe. A ci, a yi godiya, a share wurin, a shiga sujada tare da su, sa'an nan a duba burki a kama hanya kafin rana ta take.