Gonar Sola da Waɗanda Ba a Kira Su Taro Ba

A gundumar Tumakuru ta jihar Karnataka, kudancin Indiya, akwai wani yanki da ake kira Pavagada. Da can gyaɗa da fari aka san shi da su. Yanzu kuwa farantan sola ne suka yi masa suna, domin an shimfiɗa su a kan kusan eka 13,000 na gonakin ƙauyuka biyar. An buɗe kashin farko na tashar a watan Maris na 2018, aka kammala ta a ƙarshen 2019 da ƙarfin megawat 2,050, ta shiga sahun manyan tashoshin lantarkin hasken rana na duniya. Abin da ya fi girmanta jan hankali shi ne yadda aka samu filin. Gwamnati ba ta saye gonakin ba, ba ta kuma ƙwace su ba. Haya ta karɓa daga hannun manoma fiye da 2,000.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai sola gona, ga duwatsu da fako birjik? Injiniya ba ya zaɓen fili don ƙiyayya da manomi. Yana neman wuri shimfiɗaɗɗe wanda ba sai an fasa dutse ko an cike kwari ba, wanda mota za ta iya shiga da kaya, wanda ruwa ba ya kwanciya a kai, kuma uwa uba kusa da babban layin lantarki, saboda kowace kilomita ta waya da turaku kuɗi ne masu yawa. Duk waɗannan siffofi gona ce ta tara su, don manomi ya riga ya share ta shekara da shekaru. Ga kuma cin fili: megawat ɗaya na bukatar wajen hekta biyu zuwa biyu da rabi, tunda dole a bar rata tsakanin layukan faranti kada wani ya yi wa wani inuwa, a fitar da hanyoyi, a ware wurin tiransifoma. Shi ya sa da an ce babbar tashar sola, to maganar ƙasa ake yi kafin maganar wuta.

A Pavagada an kafa wani kamfani na haɗin gwiwar gwamnatin jiha da ta tarayya, KSPDCL, shi ya karɓi gonakin haya, ya haɗe su, ya yanka su kashi-kashi ya miƙa wa kamfanonin da suka ci gwanjon samar da wuta. Sharaɗin shi ne rupi 21,000 a kowace eka duk shekara, da ƙarin kashi 5 cikin ɗari bayan kowace shekara biyu, har tsawon shekara 28. Takardar gona tana nan da sunan mai ita.

A gaskiya manoma da yawa ba a ja su ba, da ƙafarsu suka je. Yankin yana cikin masu mafi ƙarancin ruwan sama a jihar, rijiyoyin burtsatse suna ta ƙafewa, gyaɗa ta yi bana ta ƙi baɗi, matasa sun watse zuwa birnin Bengaluru neman aikin ƙarfi. Mutumin da ke shuka da bashi ya girbe asara, aka ce masa ga kuɗi tabbas duk shekara ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kuma gonar taka ce, wa zai ga laifinsa? Idan aka auna da wuraren da ake zuwa da buldoza da takardar gwamnati, wannan tsari ya fi mutunci nesa ba kusa ba, kuma ya kamata a faɗi haka.

Sai dai gona ba mai ita kaɗai take ciyarwa ba. Akwai 'yan ƙwadago da ke yin shuka da noma da cirar gyaɗa, yawancinsu mata, da dama kuma daga ƙasƙantattun dangogin da tsarin al'adar Indiya ya daɗe da hana su mallakar ƙasa. Akwai masu tumaki da awaki da ke sakin dabbobinsu a gonakin bayan girbi. Akwai masu itace da masu yankan ciyawa. Babu ɗayansu da ke da takarda, don haka babu ɗayansu da aka sa hannu da shi. Ranar da shingen waya ya kewaye fili, mai eka hamsin ya koma mai karɓar haya yana zaune, ita kuwa wadda ta yi shekara ashirin tana masa aiki ta wayi gari ba gona ba haya. Makiyaya da yawa sayar da garkensu suka yi. Aikin da tashar ta kawo, da aka gama gini, bai wuce gadi da wankin faranti da sarar ciyawa ba, kuma bai kai ya ɗauke yawan hannayen da noma ke ɗauka ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, dokar Indiya ta san da waɗannan mutane. Dokar karɓar filaye ta 2013 ta lissafa ɗan ƙwadagon da ba shi da gona da mai noman raba-daidai cikin iyalan da abin ya shafa, matuƙar da filin suke ci, ta kuma wajabta binciken yadda aikin zai taɓa rayuwar jama'a. Amma dokar tana aiki ne idan gwamnati ta karɓe fili. Haya kuwa ciniki ne tsakanin mai gona da mai karɓa, ba ruwan doka ta 2013 da shi. A ɗaya ɓangaren, Indiya ba ta sa tashoshin sola cikin ayyukan da dole sai sun nemi izinin muhalli ba, wato babu tilas a kira taron sauraron jama'a. Hanyar da ta kare mai gona daga ƙwace ita ce dai ta rufe ƙofar da talakan da ke bayansa zai shigo ya yi magana. Ba sai an ce wani ya shirya haka da gangan ba, amma sakamakon ɗaya ne.

Su ma masu gonar lissafinsu bai cika daɗi ba. Ƙarin kashi 5 a shekara biyu na nufin ko a ƙarshen shekara 28 kuɗin hayar ba zai ninka ba, alhali farashin kaya a Indiya ya saba tashi da fiye da kashi 4 a shekara guda. Hayar da ta isa abinci a farko tana ta ƙanƙancewa a hannu. Ga maganar ruwa: faranti na tara ƙura, ƙura na rage wuta, wanki na son ruwa, a yankin da mutane ke wahalar na sha.

Wannan labari ba na nesa ba ne gare mu. Tashar sola ta Kumbotso a Kano, wadda aka buɗe a Janairun 2023, megawat 10 ce a kan hekta 24. Ƙarama ce. Amma tun 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da gwamnatin Najeriya kan samar da fiye da megawat 1,000, yawanci a jihohin Arewa. Maganar ta kwanta saboda rikicin farashi da lamuni, amma duk ranar da irinta ta tashi, hekta dubbai ake nufi, kuma ba a dajin da babu kowa ba.

Namu tsarin ma ya fi na Pavagada tsauri a kan manomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke haƙƙin mai fili don amfanin jama'a, diyya kuwa ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Idan masu ƙiyasi suka zo da rani, bayan an kwashe gero da dawa, me za su ƙirga? Sannan gonar Bahaushe haƙƙoƙi ne a jere, wani kan wani. Ga gandun da magada ba su raba ba, ga gayaunar matar gida, ga wanda aka ba aro, ga wanda ke riƙe da jingina, ga matan da ke roron gyaɗa, ga ɗorawa ko kaɗanyar da wataƙila ba ta mai gonar ba ce, ga Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa gefen wurin. Taron da aka yi a ƙofar hakimi da dagatai da masu unguwanni da manyan masu gonaki, aka ɗauki hoto aka watse, bai ji ko rabin waɗannan ba. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar duba rahoton aiki, akan kuma ajiye shi kwana 21 na aiki a ofisoshin gwamnati. Kundi ne mai kauri da Turancin injiniyoyi, a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wadda ke roron gyaɗa ba za ta taɓa sanin an ajiye shi ba.

A ganina lokacin tuntuɓa ya fi yawan tarurruka muhimmanci. Idan an riga an zana taswira an ba da kwangila, abin da ya rage sanarwa ce kawai. Amma kafin zane, abubuwa da yawa na iya sauyawa da kuɗi kaɗan. Ana iya raba fili gida biyu a bar burtali da hanyar rijiya a tsakiya. Ana iya kauce wa fadama a hau tudun da ba ya ba da amfani sosai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, manoman wurin sun fi kowane na'urar awo sanin inda ruwa ke bi da damina. A Ingila tumaki na kiwo a ƙarƙashin faranti a tashoshi da dama, suna rage wa kamfani kuɗin yankan ciyawa. A Heggelbach ta Jamus, tun 2016 aka ɗaga faranti sama da ƙasa kimanin mita biyar, ana noma alkama da dankali a ƙasansu har da tarakta. Wannan ya fi tsada, ba kowane kamfani zai yarda ba, amma a ƙasa mai zafin rana irin tamu inuwar ma tana rage ƙafewar ƙasa.

Sai batun da ba a cika tayarwa a taron farko ba, saboda kowa hankalinsa na kan kuɗi: wa zai tumɓuke turakun ƙarfe da kankare da wayoyin da aka binne idan wa'adi ya cika, kuma da kuɗin wa? A Pavagada an haɗe dubban gonaki wuri guda, iyakokin da aka gada sun shafe a ƙarƙashin layukan faranti. Hayar za ta ƙare a tsakiyar shekarun 2040, lokacin da yawancin waɗanda suka sa hannu sun tsufa ko sun rasu, kuma 'ya'yansu ne za su zo da takarda suna neman a nuna musu inda eka uku ta mahaifinsu ta fara da inda ta ƙare.